Aure Shaidu Yake So, Ba 'Yan Kallo Ba



Ranar da aka dawo daga hutun Kirsimeti na shiga ajin ƙarshe, sai na tarar gardama ta kaure, har ba wanda ya lura da shigowata. Na ɗauka a kan jarrabawar da ke tafe ake yi. Ashe a kan wani saurayi ne da wata budurwa da suka haɗu a wani shirin talabijin, mutanen da ko sunan Jibiya ba su taɓa ji ba. Rabin ajin suna rantsuwa cewa lalle sai sun yi aure, rabi kuma suna cewa kafin damina ta faɗi sun watse. Wata yarinya har idonta ya kawo ruwa don an ce saurayin mayaudari ne. Na tsawata, muka yi darasinmu, amma tambayar ta bi ni har gida: shin soyayyar da ake ƙullawa a gaban kyamara tana ɗorewa kuwa? Ga abin da na gani, ga kuma ra'ayina.

Da farko bari in yi wa iyayenmu bayanin irin waɗannan shirye-shirye, domin na san da yawa ba su taɓa kallonsu ba. Sun bambanta da wasan kwaikwayo irin su Daɗin Kowa da ake nunawa a tashar Arewa24. A wasan kwaikwayo kowa ya san cewa wanda ya fito a matsayin miji, in an tashi daga aiki gidansa zai koma wurin matarsa ta gaskiya. Su kuwa waɗannan shirye-shirye cewa suke yi babu wasa a ciki. Akan tara samari da 'yan mata a gida ɗaya, a kafa musu kyamara dare da rana, a ce su nemi abokin zama a tsakaninsu. Duk mako a sallami wasu, har a kai ga biyun ƙarshe. Sau da yawa masu kallo ne ke jefa ƙuri'a ta waya, su zaɓi waɗanda suka fi dacewa da juna. A da sai mai tauraron ɗan adam ke ganin irin wannan. Yanzu kuwa ga shi a tafin hannun kowane yaro mai waya, ko a Mazanya yake ko a Magama.

To, mu duba abin da ya faru da waɗanda suka shiga, tun da an ce gani ya kori ji.

Shirin da ya fi suna a wannan fanni shi ne The Bachelor, wanda tashar ABC ta Amurka ta fara nunawa a shekarar 2002. Akan kawo namiji ɗaya da mata wajen 25, ya riƙa miƙa fure ga waɗanda yake so su ci gaba da zama, wadda ba ta samu ba ta tattara kayanta. Wanda aka fara yi da shi, Alex Michel, ya zaɓi tasa, amma ba a je ko'ina ba suka rabu. Daga nan aka yi ta maimaita shirin shekara da shekaru, kuma mafi yawan waɗanda suka zaɓi juna a daren ƙarshe ba su kai ga ɗaurin aure ba. Har akwai biyu, Jason Mesnick a 2009 da Arie Luyendyk a 2018, waɗanda bayan sun yi wa wadda suka zaɓa alkawarin aure sai suka warware a gaban kyamara, suka koma wa wadda ta zo ta biyu. Ku yi tunanin halin da yarinyar da aka bari ta shiga, ga miliyoyin mutane suna kallon hawayenta suna cin abincin dare.

Wani zai ce ai ƙuruciya ce. To, a 2023 sai aka shirya na dattawa, aka kawo wani mai suna Gerry Turner, ɗan shekara 72, wanda matarsa ta rasu. Ya zaɓi Theresa Nist, ita ma mijinta ya rasu. Aka ɗaura musu aure kai tsaye a talabijin a watan Janairu na 2024. A watan Afrilu na wannan shekarar suka ba da sanarwar rabuwa. Wata uku ke nan. Cikin dalilan da suka bayar akwai cewa shi yana zaune a wata jiha kusa da 'ya'yansa da jikokinsa, ita ma tana wata jiha mai nisa kusa da nata, kuma sun kasa daidaitawa a kan inda za su zauna. Jama'a, a nan garinmu wannan ai ita ce tambayar da kawun yarinya zai fara yi tun kafin a karɓi goro: ina zai ajiye ta?

Mu dawo gida Najeriya. A watan Fabrairu na 2020 aka fara wani shiri mai suna Ultimate Love a DStv, wanda aka shirya musamman domin haɗa aure. An yi wa waɗanda suka yi nasara alkawarin naira miliyan 5, da ɗaukar nauyin bikin gargajiya, da gida idan suka yi auren. Rosie da Kachi ne suka lashe. Masoyansu suka yi ta murna, har an haɗa sunayensu an mai da su suna ɗaya. Shekarar ba ta ƙare ba suka rabu, kowa ya fito yana faɗa wa duniya laifin ɗan'uwansa. Waɗanda suka kashe kuɗin katinsu wajen jefa musu ƙuri'a kuwa, tuni sun koma kallon wani shirin.

Akwai kuma wanda ya fi kusa da mu, ko da yake shi a TikTok ya faru. A watan Oktoba na 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta gurfanar da wasu matasa biyu da aka fi sani da Mai Wushirya da 'Yar Guda, saboda bidiyon soyayya da suke sakawa waɗanda hukumar ta ce sun saɓa wa tarbiyya. Kotun majistare ta umurci Hukumar Hisba ta ɗaura musu aure cikin kwana 60. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta fito ta ce kotu ba ta da ikon tilasta wa baligai aure, kuma a ganina gaskiya ta faɗa. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda maganar ta ƙare. Ana cikin shirye-shirye sai Hisba ta ba da sanarwar an fasa, domin saurayin ya ce babu soyayya a tsakaninsu, ya faɗi haka ne don ya tsira daga hukunci. Dubban mutane sun kalli waɗannan bidiyo sun ɗauka so ne. Da aka ce to ga aure, sai gaskiya ta fito. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Me ya sa abin yake yawan ƙarewa haka? Ba na jin duk masu shiga mayaudara ne. Da yawansu da zuciya ɗaya suke shiga. Matsalar tana cikin yadda aka gina shirin kansa.

Na farko, an cire su daga rayuwa. A shiri irin The Bachelor akan karɓe wayoyinsu, a raba su da aikinsu da danginsu na tsawon kimanin wata biyu. Ba wanda zai fita neman na cefane, ba kuɗin haya, ba yaro mai zazzaɓi da tsakar dare. Abinci yana zuwa, wuta ba ta ɗaukewa, ana kai su yawon buɗe ido wuraren da ba za su iya biya da aljihunsu ba. A irin wannan zama kowa mai fara'a ne. Hausawa kuwa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan gida ba a barin miya ta ƙare.

Na biyu, gasa ce. Idan mata ashirin da wani abu suna neman namiji ɗaya, wadda ta samu za ta ji daɗin ta kayar da sauran, kuma wannan daɗi yana kama da so ƙwarai da gaske. Sai an watse, babu sauran wadda za a kayar, sannan za ta zauna ta dubi mutumin da ta ciwo, ta tambayi kanta ko dama shi take so ko nasarar.

Na uku, akwai kuɗi a ciki. Tashar tana samun kuɗinta ne daga masu talla, masu talla kuwa yawan 'yan kallo suke biya. Ma'aurata masu zaman lafiya ba sa tara jama'a. Kishi da kuka da cin amana su ne ke hana mutum canza tasha. Don haka akan ɗauki hoton sa'o'i masu ɗimbin yawa, a tsince wanda ya fi tayar da hankali, a haɗa shi ya zama shirin sa'a ɗaya ko biyu. Su ma masu shiga sun san cewa muddin ana ganinsu tare, mabiyansu na ƙaruwa, kamfanoni na kiransu talla. Wanda abincinsa ya rataya a kan a gan shi yana soyayya, shi kansa zai yi wuya ya gane ranar da son ya ƙare.

Sai dai kada in yi rashin adalci, akwai waɗanda nasu ya yi kyau. Trista Rehn da Ryan Sutter sun haɗu a shirin The Bachelorette, suka yi aure a watan Disamba na 2003, sun haifi 'ya'ya biyu, sun haura shekara 20 tare. Sean Lowe da Catherine Giudici sun yi aure a 2014, sun haifi uku. A nan Najeriya, Bambam da Teddy A da suka haɗu a gidan Big Brother Naija a 2018 sun yi aure a 2019, haka kuma Khafi da Gedoni na shekarar 2019 sun yi aure sun hayayyafa. Amma ku lura da abu ɗaya. Shi Ryan Sutter ma'aikacin kashe gobara ne a jihar Kolorado, kuma bayan biki can suka koma, ya ci gaba da aikinsa, suka yi zamansu irin na kowa. Bambam da Teddy A sai da suka kai magana gaban iyaye aka yi bikin gargajiya. Wato shirin ya haɗa su ne kawai, kamar yadda motar Katsina zuwa Jibiya kan haɗa mutum biyu a kujera ɗaya. Sauran aikin bayan an kashe kyamara suka yi shi, da hannunsu, a hankali.

Wannan ya kawo ni ga labarin wata gwaggota, wadda na tabbata da yawa daga cikinku kuna da irinta a gida. Daga wani ƙauye na tsallaken iyaka aka auro ta, ta wajen Ɗan Isa a jihar Maraɗi. Kafin a ba da ita, wani kawunta ya tako har nan Mazanya, ya kwana biyu a gidan wani abokinsa ba tare da ya ce ga abin da ya kawo shi ba. Ya zauna a majalisa, ya shiga kasuwa, ya tambayi yadda saurayin yake da mahaifiyarsa, ko yana biyan bashi, ko yana da saurin hannu. Sai da ya gamsu sannan aka sa rana. Mijin ɗan ƙaramin ciniki yake yi tsakanin Magama da Maraɗi. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, daga baya kuma aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a buɗe ta Jibiya ba sai a 2022. Ana cikin farfaɗowa aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli na 2023, aka sake rufewa har zuwa watan Maris na 2024. Jarin mutumin nan ya karye ƙurmus. Gwaggota ta kafa kasko a ƙofar gida tana tuyar ƙosai da safe, awara da yamma, da shi aka ci abinci, da shi aka biya kuɗin makarantar yara.

Ba zan ɓoye muku ba, a cikin wannan ƙunci sun yi faɗa mai tsanani, har ta ɗaure kayanta. Wa ya zo? Kawun nan nata, ga tsufa ga ciwon ƙafa, ya biyo hanyar daji a bayan babur domin babbar hanya a rufe take. Ya kira wan mijin, su biyun da suka tsaya a ranar ɗaurin aure. Suka zaunar da su, aka faɗa wa mai laifi laifinsa, aka kwance kaya. Har yau suna tare. Ba wanda ya ɗauki hoton wannan zama, kuma da an ɗauka ba mai sayensa.

Ga bambancin da nake so ku riƙe. Akwai shaida, akwai ɗan kallo. Dukansu suna wurin, dukansu suna gani, amma ba ɗaya suke ba. Shaida ya san ku, ya san iyayenku, sunansa yana cikin maganar. Idan auren ya girgiza, shi ma barcinsa ya girgiza, dole ya sa takalmi ya fito. Ɗan kallo kuwa bai haɗa komai da ku ba. Idan kun yi daɗi ya tafa, idan kun watse ya sami abin hira, gobe ya nemi wasu. Hasali ma watsewarku ta fi yi masa daɗin kallo.

Shi ya sa duk inda aka ɗauki aure da muhimmanci za ku ga an nemi shaidu, an kuma ba da lokaci. A ikilisiya akan yi sanarwa a gaban jama'a kafin ranar, domin mai wata magana ya fito ya faɗa, ga kuma zaman shawara da fasto da dattawa. Dokar aure ta Najeriya ta tanadi a liƙa sanarwa a ofishin rajista na kwana 21. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa ɗaura aure sai da waliyyi da shaidu da sadaki. A al'adarmu ta Hausa akwai gaisuwar iyaye, akwai bincike, akwai baiko, akwai sa rana. Yaro yakan ga duk wannan jan rai ne. Amma kowane mataki ƙara mutum ɗaya yake yi a cikin waɗanda za su tallabe ginin ranar da iska ta taso. Shirin talabijin yana tara wa ma'aurata 'yan kallo miliyan guda, ya bar su babu shaida ko ɗaya.

Kada kuma mu yi saurin yi wa mutanen talabijin dariya, domin namu gidan ma yana yoyo. Yawan mutuwar aure a ƙasar Hausa ba ɓoyayyen abu ba ne. Shi ya sa a 2012 gwamnatin Kano ta hannun Hisba ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, kuma a watan Oktoba na 2023 aka aurar da 1,800 a lokaci ɗaya. Akwai auren dole da ake yi wa yara, akwai iyayen da bincikensu bai wuce aljihun saurayi ba, akwai shaidun da ke cewa mace ta yi haƙuri alhali dukanta ake yi. Wannan ba shi nake yabo ba. Shaidar da ya ga zalunci ya yi shiru, shi ma ya koma ɗan kallo. Haka kuma bikin da za a ci bashi domin a burge mutane, a yi ankon kala uku, a ɗauko mai hoto daga Katsina, bayan wata biyu babu hatsi a gida, shi ma shirin talabijin ne, kyamarar ce kawai ƙarama.

Yanzu gare ku, 'yan ajin ƙarshe. Ba zan ce kada ku kalli waɗannan shirye-shirye ba, domin na san ko na faɗa ba ji za ku yi ba. Abin da nake roƙo shi ne ku kalla da idon basira, ku san cewa haja ce ake sayar muku. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kowannenku yanzu yana yawo da tasharsa a aljihu. Yarinya ta yi saurayi yau, gobe hotonsa yana kan WhatsApp, jibi suna rawa a TikTok, mutum ɗari biyar sun sani amma mahaifiyarta ba ta sani ba. Idan abin ya lalace, kunyar mutum ɗari biyar ɗin nan za ta sa ta ci gaba da zama da wanda ta riga ta gane ba na kirki ba ne. Ku kuma samari, wanda ya saba auna kansa da yawan masu yaba hotonsa, zai wahala ya iya zama da mace ɗaya wadda ta san shi ranar da ba shi da ko sisi.

Saboda haka, idan lokacinku ya yi, kuma ina fata sai kun gama karatu kun kama abin yi, ku yi wa kanku tambayoyi uku. Na ga mutumin nan a ranar da ransa ya ɓaci, ko kullum a cikin kwalliya nake ganinsa? Wane babba ne a gidanmu da gidansu ya san da maganar, wanda zai iya faɗa mini gaskiya ko ba na so? In da ba wanda zai taɓa ganin hotonmu tare, zan ci gaba da son sa? Wanda ya amsa waɗannan tsakaninsa da Allah, ya fi wanda ƙasa duka ta jefa wa ƙuri'a.

Ku kuma iyaye da dattawan ikilisiya, ku buɗe ƙofa. Yaron da ya san in ya kawo magana gida za a rufe shi da faɗa, waya zai kai wa. Ku zama shaidun da yaranmu za su iya zuwa wurinsu tun abin yana ɗanye.

Ita kuwa yarinyar nan da ta yi hawaye a aji, na kira ta daga baya na tambaye ta ko ta san shekara nawa iyayenta suka yi da aure. Ta yi shiru, ta ce ba ta taɓa tambaya ba. Na ce to wannan shi ne aikin gida na hutun bana, gare ta da ku duka: ku zauna da mahaifiya ko kaka, ku tambaye ta wace shekara ce ta fi wuya a aurenta, kuma wa ya zo.

Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya kai kowa gida lafiya.